Ido Kafin Hannu: Yadda Ake Koyar da Zane a Makarantar Firamare

Akwai wani darasi da na sha gani, kuma duk lokacin da na tuna shi sai raina ya sosu. Malami ya shigo aji, ya ɗauki alli ya zana kofi a allo, ya ce yara su kwafa, ya koma kujerarsa. Bayan rabin awa littattafai arba'in sun taru a teburinsa, kowanne da kofi iri ɗaya, mariƙinsa a dama kamar yadda yake a allo. Wanda nasa ya fi kama da na malam ya samu tara bisa goma, wanda nasa ya karkace ya samu huɗu. A ranar yaro ɗaya ko biyu ne suka koma gida da sunan masu baiwa. Sauran sun koma da hukuncin da za su riƙe har girmansu: ni ban iya zane ba.

Babu yaron da ya kalli kofi a ajin nan. Zanen kofi suka kalla. Alhali amfanin farko na darasin zane shi ne yaro ya koyi tsayawa ya dubi abu da kyau, ya lura da abin da jiya ya wuce bai gani ba, sannan ya nemi hanyar faɗarsa da layi, ko launi, ko yumɓu. Hannu daga baya yake biyowa. Shi ya sa idan malami ko malama suka ce mini ba za su iya koyar da zane ba tunda su ma ba su iya ba, nakan ce: babu wanda ya nemi ka zana wa yara komai. Abin da ake nema shi ne ka iya tambaya, ka iya tsara aji, ka kuma iya kame hannunka daga takardar yaro. Darasin nan kuwa ba alfarma ake yi musu da shi ba, domin sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya ambaci haƙƙin yaro na shiga harkokin fasaha, tare da haƙƙinsa na hutu da wasa.

Mataki na farko: ka san wanda ke gabanka

Zanen yaro yana girma daki-daki, kamar tafiyarsa da maganarsa. Viktor Lowenfeld, malamin fasaha ɗan asalin Ostiriya da ya koma Amurka, ya tsara waɗannan matakai a 1947, kuma har yau malamai na dogara da tsarinsa.

Daga shekara 2 zuwa 4 jagwalgwalo yaro yake yi. Kada a raina shi. Rhoda Kellogg, wadda ta tara zanen ƙananan yara kusan miliyan guda, ta ware layuka iri 20 a cikin wannan jagwalgwalo, kuma da su ne yaro zai gina da'ira da murabba'i, har ma da haruffa. Daga shekara 4 zuwa 7 sai mutum ya fara fitowa: ƙaton kai, ƙafafu biyu na saukowa daga haɓa kamar talibambam. Daga 7 zuwa 9 yaro yakan tsayar da hanyarsa guda ta zana mutum da gida da bishiya, ya yi ta maimaita ta. A nan ne zai ja layi a ƙasan takarda ya jera komai a kai, ya shafa shuɗi siriri a can sama ya ce sararin sama ke nan, ya zana ɗaki ana hango mutanen ciki ta bango. Daga 9 zuwa 12 kuma idonsa ya fara fin hannunsa. Yana ganin zanensa bai yi kama da abin ba, kunya ta shigo, da yawa a nan suke ajiye fensir ba su sake ɗauka ba.

Shekarun nan kiyasi ne, wani yaron ya riga, wani ya makara. Abin riƙewa shi ne bayanin da Georges-Henri Luquet na Faransa ya yi bayan ya shafe shekaru yana bin zanen 'yarsa: ƙaramin yaro abin da ya sani yake zanawa, ko da idonsa bai gan shi ba. Kana iya gwadawa gobe. Ajiye kofi ka juya mariƙin baya yadda ba mai ganinsa, ka ce su zana. Ɗan shekara 5 zai maƙala masa mariƙi, domin a wurinsa kofi marar mariƙi ba kofi ba ne. Ɗan shekara 9 zai bar shi yadda ya gan shi.

Saboda haka a aji ɗaya da biyu kada ka gyara girman abubuwa. Yarinyar da ta zana mahaifiyarta ta fi gida tsawo ba kuskure ta yi ba, ta gaya maka wanda ya fi girma a zuciyarta. Waɗannan yawan yi suke bukata, da manyan takardu, da wanda zai saurari labarin zanensu. 'Yan aji huɗu zuwa shida kuwa dabara suke nema ido rufe: yadda ake awo, yadda ake inuwa, yadda abu na nesa ke ƙanƙancewa. Idan ka ce musu kawai "ku zana abin da kuke so", ka bar su da kunyarsu.

Mataki na biyu: kaya da zaman aji

Rashin kaya shi ne uzurin da aka fi kawowa, kuma shi ne ya fi sauƙin warwarewa. Fensir, gawayi, alli, bayan takardun da aka gama amfani da su, kwalayen da aka yar, tsofaffin jaridu, almakashi, gam da yumɓu sun isa shekara guda cur. Idan za a sayi abu ɗaya tak, a sayi fentin ruwa kala huɗu: ja, rawaya, shuɗi da fari. Kwalin kala goma sha biyu ya fi ɗaukar ido, amma yakan hana yaro koyon haɗi.

Ka kula da girman takarda. Ƙaramar takarda tana sa yaro ya ƙanƙance zanensa ya matse shi a kusurwa. Ƙananan yara da kafaɗa da gwiwar hannu suke zane, don haka ka ba su babbar takarda (girman A3) ko buɗaɗɗen kwali, su yi a ƙasa ko a tsaye.

Ka raba aji rukuni-rukuni na yara huɗu zuwa shida, kowane rukuni da mai ɗauko kaya, mai ɗebo ruwa, da mai goge tebur, a riƙa juya aikin kowane mako. A shimfiɗa jarida kafin a buɗe fenti. Almakashi ya zama mai dakushin baki, a koya musu miƙa shi ta mariƙi. Kuma tun kafin a fara, kowa ya rubuta sunansa da kwanan wata a bayan takardarsa. Wannan ɗan abin zai yi maka rana a ƙarshen zango.

Mataki na uku: yadda za ka kasa minti arba'in

Minti biyar na farko na kallo ne da tambaya, fensir na ajiye. Minti uku zuwa biyar na nuna dabara guda ɗaya tak, a kan tarkacen takarda, sannan ka ɓoye abin da ka yi don kada ya zama abin kwafa. Idan yadda ake murza gawayi da yatsa za ka nuna, murza shi a fili kawai, kada ka zana abin da za su zana. Kimanin minti ashirin na aiki ne, kai kuma kana zagayawa. Minti biyar na tattara kaya. Abin da ya rage a shimfiɗa ayyukan a ƙasa, kowa ya zagaya ya gani.

Wannan na ƙarshen shi ake fara yankewa idan lokaci ya ƙure, kuma ina roƙon kada a yanke shi. Yara suna koyo daga takardun juna fiye da yadda suke koyo daga bakinmu. Idan aikin fenti ne ko yumɓu, minti arba'in ba sa isa. Ka nemi a haɗa maka darasi biyu a jere, ko ka raba aikin mako biyu.

Mataki na huɗu: zanen kallo

A nan zan daɗe, domin shi ne ƙashin bayan komai. Mu ɗauki ganye, tunda ba ya wahalar samu kuma babu guda biyu da suke daidai.

Kowane yaro ya samu ganyensa a hannunsa. Ganye ɗaya a teburin malam ba zai yi ba, na baya ba sa ganin komai. Ka ce su ajiye fensir, sannan ka fara tambaya. Bakinsa sumul yake ko yana da haƙora? Jijiyar tsakiya miƙaƙƙiya ce ko ta lanƙwasa? Ƙananan jijiyoyin daga wuri ɗaya suke fitowa dama da hagu, ko ɗaya na gaba da ɗaya? Ina ya fi faɗi, kusa da gindi ko kusa da kai? Akwai inda ƙwaro ya ci? Su juya bayansa, su shafa, su ɗaga shi su hango haske ta cikinsa. Za ka ji aji ya ɗauki surutu: "Malam, nawa yana da gashi a baya!" Wannan surutun shi ne darasin ya fara kamawa.

Daga nan su bi gefen ganyen da yatsa a hankali sau biyu. Sai wasan da nake kira tafiyar tururuwa. Kowa ya huda 'yar takarda ya zura fensirinsa ta ciki, yadda za ta rufe masa hannu ba zai ga abin da yake zanawa ba. Ka ce: ga tururuwa tana tafiya a bakin ganyenka, idonka na bin ta, fensirinka na bin idonka, inda ta hau ka hau, inda ta gangara ka gangara, kuma kada ka ɗaga fensir. Minti biyu kawai. Idan suka buɗe za a yi dariya, domin layin ba zai haɗu ba. Amma ka nuna musu wani abu: a cikin wannan karkataccen layin akwai ɗan lanƙwasa da ɗan tsaga na ainihin ganyen, waɗanda ba za su taɓa fitowa a ganyen da aka zana da ka ba.

Yanzu sai zane na sosai, ido a buɗe, da sharuɗɗa uku. Zanen ya cika takarda, ya kusa taɓa gefe biyu. A kalli ganyen fiye da yadda ake kallon takardar. Kuma babu magogi. Na san wannan na uku yana tayar da ƙura, amma yaron da ke da magogi a hannu rabin lokacinsa a gogewa yake tafiya, har takarda ta huje. Ka koya musu fara layi da sauƙin hannu, idan bai yi ba a ja wani kusa da shi, a ƙara wa na daidai ƙarfi.

Yayin da kake zagayawa yaro zai miƙo maka fensir: "Malam, zana mini nan wurin." Kada ka karɓa. Tsuguna kusa da shi ka ce, "Nuna mini wurin a jikin ganyen. To, daga nan ina ya nufa, sama ko gefe? Ja shi mu gani." Da ka ja layi ɗaya a takardarsa, shi ke nan, layinka ya zama na gaskiya, nasa duka sun zama na banza a idonsa. Franz Cizek, wanda ya buɗe ajin zane na yara a Biyana, babban birnin Ostiriya, a 1897, a lokacin da kwafa ce kawai koyarwa, ya yi suna ne da ɗaukar aikin yaro a matsayin fasaha mai cin gashin kanta, har aka riƙa yawo da zanen ɗalibansa ana nunawa a wasu ƙasashe.

Mako na gaba a sake zana irin wannan ganyen. Kafin a fara, kowa ya nuna wa abokin zamansa na farkon, abokin ya faɗi abu ɗaya da ya yi daidai da ganyen, da abu ɗaya da za a ƙara dubawa. Ka hana "ya yi kyau" da "bai yi kyau ba". Ka nemi magana irin "ganyen ya fi haka tsini a kai". Bambancin zane na farko da na uku yakan ba yaran kansu mamaki, kuma shi ne hujjar da ta fi kowace nasiha ƙarfi cewa da koyo akan iya.

Bayan ganye sai takalmi, makulli, almakashi, lema a buɗe, keke a jingine, hannun yaron kansa. Ga 'yan aji biyar da shida ka ƙara dabaru uku. Awo da fensir: a miƙe hannu sosai, a rufe ido ɗaya, a auna faɗin abu da babban yatsa a jikin fensir, a ga sau nawa faɗin ya shiga tsawon. Zana sarari: maimakon ƙafafun kujera, a zana siffar fankon da ke tsakaninsu, sai ga kujera ta fito da kanta. Wannan na aiki ne domin ƙwaƙwalwa tana da hoton kujera a ajiye da take cusa wa hannu, amma ba ta da hoton fanko, dole ido ya yi aikin. Sai inuwa: a ja akwati biyar a jere, a cika su daga fari fat zuwa baƙi ƙirin da fensir ɗaya, sannan a ajiye ƙwallo kusa da taga a rufe sauran hanyoyin haske, a nemo waɗannan matakai biyar a jikinta da kuma inuwar da ta yar a tebur.

Kada zanen kallo ya kori zanen tunani. Bayan an zana ganyen gaske sau biyu ko uku, ka ce su zana dajin da ba wanda ya taɓa shiga. Za ka ga ganyayen dajin sun fito da jijiyoyi da haƙora, domin yanzu akwai abin da tunanin zai ɗiba.

Mataki na biyar: launi

Ranar farko ta fenti kada a zana komai, a yi haɗi kawai. Kowane rukuni ya samu ja, rawaya da shuɗi, da murfin roba na haɗawa, da gwangwanin ruwa biyu, ɗaya na wanke buroshi ɗaya na tsarma fenti, da tsumma. Ka'idar wanki: a wanke, a matse a bakin gwangwani, a dangwala a tsumma. Ka'idar haɗi: a fara da launi mai haske, a riƙa ɗiga mai duhu kaɗan-kaɗan. Ɗigon shuɗi ɗaya yana juya rawaya mai yawa, amma rawaya cokali guda ba za ta haskaka shuɗi ba, sai dai fenti ya ƙare.

Kada ka gaya musu rawaya da shuɗi na ba da kore. Ka bar su su gano. Ihun yaron da ya ga kore ya fito a ƙarƙashin buroshinsa ya fi duk abin da za ka rubuta a allo zama a kansa. Idan sun samo kore da ruwan lemo da shunayya, sai ka dawo da ganyayen nan: kore iri nawa za ku iya haɗawa? Wa zai haɗa wanda idan aka ɗora ganyen a kai zai ɓace? Nan za su gane da kansu cewa ɗan ja kaɗan yana kwantar da kaifin kore.

Wani abu da ke rikita malamai: sau da yawa ja da shuɗi kan ba da launi mai dauɗa kamar ruwan ƙasa maimakon shunayya. Laifin ba na yaro ba ne. Jan da ya karkata wajen ruwan lemo yana ɗauke da rawaya a cikinsa, kuma idan launukan uku suka haɗu sai su dushe. Ka nemi jan da ya karkata wajen ruwan hoda. Baƙin fenti kuma ka ɓoye shi sai daga baya, domin yana cinye komai.

Idan babu fenti ko kaɗan, ƙasa tana nan. A tattaro ƙasa launi-launi, a shanya, a niƙa, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa da ɗan gam. A daka gawayi don baƙi, alli don fari. Ka ba su labarin kogon Lasko na Faransa, wanda wasu samari huɗu suka gano a 1940, inda dawakai da bijimai da aka zana da jar ƙasa da rawayar ƙasa da baƙin ma'adini suke nan a bango kimanin shekara 17,000. Yaron da ya ji wannan ba zai ƙara ɗaukar fentin ƙasa a matsayin na marasa hali ba.

Mataki na shida: abin da yatsu ke koya

Wasu yaran fensir ba ya jin maganarsu, amma ka ba su almakashi ko yumɓu ka sha mamaki. Shi ya sa zangon da aka ƙare shi a zane da fenti kaɗai ya bar wasu a baya.

Mafi sauƙi shi ne shafe: a ɗora takarda marar kauri a kan ɓawon bishiya, ko bayan ganye, ko tafin takalmi, a goga gefen fensir a kai har kaushin abin ya fito. Max Ernst, mai zane ɗan asalin Jamus, ya mai da wannan dabara babbar hanyar aikinsa tun daga 1925, bayan ya gwada ta a kan katakon daɓen ɗaki. Sai bugu: a yanka siffa a kwali ko soso, a shafa fenti, a buga a jere, a koyi maimaici da tsari, wanda zai taimaka musu a lissafi. Sai liƙe-liƙe: a yanka ko a yaga takardu masu launi, a jera su a kan fili, a yi ta matsar da su har zaman ya yi daɗi, sannan a sa gam. Ka jaddada wannan: jeri kafin gam. Henri Matisse, mai zane ɗan Faransa, da rashin lafiya ta ɗaure shi a kujera bayan tiyatar da aka yi masa a 1941, da almakashi da takardun da aka shafa wa fenti ya yi manyan ayyukan ƙarshen rayuwarsa.

Yumɓu yana da nasa dokokin. A fara da mulmula dunƙule daidai tafin hannu, a danna babban yatsa a tsakiya, a riƙa matsa gefe ana juyawa har ya zama ɗan kasko. Mako na gaba a murza igiyoyi a nannaɗe su ɗaya bisa ɗaya. Duk inda za a haɗa guntu biyu, a karce fuskokin biyu da tsinke, a shafa ruwan yumɓu, a danna. In ba haka ba kai da ƙafa za su zube da zarar ya bushe. Kada kauri ya wuce na babban yatsa. A shanya a inuwa a hankali, domin yumɓu yana tsukewa idan yana bushewa, kuma idan waje ya riga ciki bushewa sai ya tsage. Busasshen garinsa kuma ba a share shi da tsintsiya, ƙurarsa na cutar da huhu. Da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa.

Mataki na bakwai: kallon aikin wasu

Sau ɗaya a mako biyu, ka kawo hoton wani aikin fasaha, ko zane, ko sassaƙa, ko saƙa, ko gini, daga kowace nahiya. Ba sai ka san tarihinsa ba. Abigail Housen da Philip Yenawine, wanda ya shugabanci sashen ilimi na gidan adana fasahar zamani da ke birnin Niyok, sun tsara hanya mai tambaya uku kacal. Me ke faruwa a wannan hoton? Me ka gani da ya sa ka faɗi haka? Me kuma za mu iya ganowa? Ka bar su su yi shiru minti ɗaya suna kallo kafin ta farko. Duk wanda ya yi magana, ka nuna wurin da yatsa, ka maimaita maganarsa da kalmominka, ba tare da ka ce ya yi daidai ko ya yi kuskure ba.

Tambaya ta biyu ita ce zinariyar. Yaron da ya saba da cewa duk abin da ya faɗa sai ya nuna hujjarsa a cikin hoton, zai kai wannan ɗabi'a darasin karatu da na kimiyya.

Abin da za ka ce, da makin da za ka bayar

Yarinya ta kawo maka takardarta tana murmushi. Kada ka ce "mene ne wannan?", domin a wurinta a fili yake, tambayarka na nufin ta gaza. Kada kuma ka yi saurin canka, ka ce kare alhali doki ne. Ka ce, "'Yata, ba ni labarin wannan." Sannan ka faɗi abin da idonka ya gani: "Na ga kin sa layuka kusa-kusa a nan, shi ya sa wurin ya yi duhu. Yaya kika yi wannan launin?" Irin wannan magana tana gaya mata ka duba da gaske, kuma tana nuna mata abin da za ta iya maimaitawa. "Kin iya zane" ba ya koya mata komai, kuma na kusa da ita da ba a gaya wa haka ba ya ji nasa hukuncin.

Ka yi hattara da gasa da kyauta. A 1973 wasu masu bincike, Mark Lepper da David Greene da Richard Nisbett, sun yi gwaji da ƙananan yara masu son zane. Wasu aka yi musu alƙawarin takardar yabo idan suka zana, wasu aka ba su ita ba zato, wasu ba a ba su komai ba. Da aka dawo bayan kwanaki aka ajiye kayan zane ba tare da alƙawarin komai ba, waɗanda aka yi wa alƙawari su ne suka rage zane sosai. Abin da suke yi don daɗi ya koma aikin lada. Don haka idan za ka liƙa ayyuka a bango, ka liƙa na kowa, ko ka riƙa juyawa yadda kafin zango ya ƙare babu wanda nasa bai hau ba. A liƙa su daidai tsayin idon yara.

Shi kuwa mai cewa "Malam, ni ban iya ba", musu da shi ba ya amfani. Rage masa aikin: "Bar ganyen duka. Wannan jijiyar kawai, daga nan zuwa nan." Idan ya ja, sai ta kusa da ita. Yawanci kafin ta huɗu ya manta kana wurin.

Makaranta za ta nemi maki, kuma dole ka bayar. Ka ba da shi a kan abin da aka koyar, kuma ka gaya wa yara tun farko. Ni abu huɗu nake dubawa: ya kalli abin da kyau, har wani abu na ainihinsa ya fito a aikin? Ya gwada dabarar ranar? Ya kai aikin ƙarshe, ya kula da kaya? Zai iya faɗin abin da ya yi da dalilinsa? Da wannan ma'auni yaro mai rawar hannu zai iya cin maki mai kyau, mai gwanin hannu da ya zana ganyen da ke kansa bai kalli na gabansa ba zai iya rasa wasu.

Don makin ya tsaya a kan gaskiya, kowane yaro ya samu jakarsa: babban kwali a ninke biyu, a liƙe gefuna, ya yi mata ado da kansa. Duk aikin da ya bushe ya shiga ciki, har da na tafiyar tururuwa da gwajin launi. A makon farko na zango kowa ya cire takalminsa ɗaya ya ɗora a tebur ya zana, ba tare da ka koya komai ba. A makon ƙarshe a sake zana wannan takalmin. Sai ka zauna da kowane yaro minti biyu, ka jera masa takardun biyu, ka tambaye shi me yake gani a takalmin yanzu wanda da bai gani ba. Abin da ya faɗa ka rubuta shi a bayan takarda ta biyu da kwanan wata, ka mayar cikin jakar, ka miƙa ta ga malamin da zai karɓe shi a aji na gaba.